Labbo da Yashin Filin Kokawa

A Tungar Ɗorawa, ƙauyen da ke tsakanin Anka da Dareta, inda na yi shekara goma sha bakwai ina shugabantar makarantar firamare, kuma inda na zauna bayan na ajiye aiki, ba a fara kokawar kaka sai mutum ɗaya ya yi magana. Ba mai gari ba ne, ba kuma sarkin samari ba. Labbo ne, mai kula da fili.

Ga yadda aikinsa yake. Da zarar an kammala girbin gero da dawa, sai ya ɗaura wa shanunsa biyu amalanke ya nufi gulbi, ya yi ta jigilar yashi har ya rufe da'irar da ake kokawa a cikinta. Daga nan sai ya zauna da rariya ya tankaɗe yashin kaɗan kaɗan, yana fitar da ƙaya da tsakuwa da ɓallin kwalba. Ranar wasa, bayan sallar la'asar, idan jama'a sun kewaye fili kuma makaɗa suna kiɗan jira, sai Labbo ya tuɓe takalmansa ya ratsa filin daga gabas zuwa yamma, sannan daga kudu zuwa arewa. Ya tsaya a tsakiya, ya ɗebi yashi a tafinsa, ya sake shi ya zube, ya ce da harshen garinsu, "Hili ya yi." Sai ganga ta sauya murya, sai 'yan kokawa su shigo. Kafin waɗannan kalmomi uku, ko zakaran da ya fi kowa ɗoki ba ya sa ƙafa a ciki. Daga kawunsa ya gaji aikin, kuma babu wanda ya taɓa naɗa shi ko ya yi tunanin sauke shi.

Na koyar da shi a aji uku da aji huɗu kafin mahaifinsa ya mayar da shi gona. Tun a lokacin mai jinkirin amsa ne. Sai ka yi masa tambaya ka juya ga wani, ka manta da shi, sannan ka ji amsarsa ta iso, kuma daidai. Haka ya girma, ba ya faɗin abin da bai taka da ƙafarsa ba. Sau ɗaya kaɗai na san ya saɓa wa wannan ɗabi'a, kuma dole in ba da labarin, domin in ba da shi ba, abin da ya faru daga baya ba zai fahimtu ba.

A shekarar 2010 maza da yawa a ƙasarmu sun koma haƙar zinare. Sukan kawo dutsen cikin buhuna, a daka shi a niƙa shi a tsakar gida, inda yara ke rarrafe kuma mata ke shanya hatsi. Sai yara suka fara amai da jijjiga, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. A Dareta haka, a Tungar Guru haka, a garinmu ma haka. Ni da ake ganin na yi boko na ce sanƙarau ne, wasu suka ce iska ce. Ɗan farin Labbo, Yusufu, yana cikin waɗanda aka fara binnewa. Da likitoci suka iso, wasu daga ƙetare, fuskokinsu a rufe da takunkumi, sai suka ce gubar dalma ce da ke cikin dutsen, kuma garinta ya gauraya da ƙasar gidajen.

Wadda ke yi musu tafinta ita ce Veronica, ma'aikaciyar jinya, Kirista 'yar kudancin Kaduna, wadda ta zo aiki ƙasar Anka tun tana budurwa, kuma kowa na kiranta Sista. Ta bi gida gida tana tambaya ɗaya: ana niƙa dutse a nan? Gidan da aka amsa da i, shi ake fara sharewa, a kuma kwashi yaransa zuwa asibiti. Labbo yana da buhu shida a ɓoye cikin rumbu, ƙarƙashin dawa, kuma ya ji ana cewa za a ƙwace. Ya dubi Sista a ƙofar gidansa ya ce a'a. Aka sa gidansa a ƙarshen layi. Bayan kwana ashirin da ɗaya 'yarsa Asma ta rasu, tana da shekara uku. Daga maƙabarta bai koma gida ba. Ya tafi ya nemo Sista, ya kawo ta, ya buɗe mata rumbun da hannunsa. Jaririyarsu Karima aka ceto.

Daga nan ya shiga ayarin masu kwashe ƙasa, ya kuma fi kowa ƙwazo. Ya koyi aikin ciki da waje: a kankare saman ƙasa zurfin yatsu huɗu, a zuba a buhu, a kai rami nesa da rijiya a binne, sannan a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Da aka yi haka mutuwar ta tsaya, kuma kowa ya gani da idonsa. Tun daga lokacin, idan maganar cuta ta taso a garin, bakin Labbo ake dubawa. Mutane suka ce wannan ya biya da 'ya'ya biyu, ba zai sake yin wasa da irin wannan magana ba.

Da korona ta zo a shekarar 2020, a garuruwa da yawa na ji ana cewa ciwon manya ne, na masu hawa jirgi. Mutanen Tungar Ɗorawa ba su faɗi haka ba. Sun taɓa musanta cuta, sun kuma san inda musun ya kai su. Da suka sake ganin ma'aikatan lafiya da takunkumi, sai mata suka janye yara cikin ɗaki. Cikin azumi wani dattijo mai fataucin fata ya dawo daga Kano da tari da zazzaɓi, bai cika mako ba ya rasu. Ba a gwada shi ba, saboda haka ba zan ce ga abin da ya kashe shi ba. Amma tsoro ya zauna a garin, bai kuma tashi da saukar damina ba.

Bayan girbi, Uwais, sarkin samari, ya sa aka buga gangar kokawa kamar kowace shekara. Filin da kan cika har samari su hau rassan ɗorawa, ranar nan mutum goma sha huɗu na ƙirga, har da makaɗa. Labbo ya ratsa fili ya ce ya yi. Aka yi kaye biyu babu ko guɗa, aka watse tun rana ba ta yi ja ba. Mako na gaba ma haka. Labari ya kai Adabka, inda ake da wani zakara mai suna Nafi'u, sai ya aiko da saƙo cewa yana jiran ranar da mazan Tungar Ɗorawa za su fito daga ƙarƙashin gado.

Washegarin wasa na biyu na ga Labbo a fili da shebur da tarin buhuna. Ya fara daga gabas yana kankare ƙasa, ba da'irar kokawa kaɗai ba, har da duk inda 'yan kallo ke tsayawa da inda dattawa ke shimfiɗa tabarma. Ba sai an yi wa kowa bayani ba. Duk wanda ya haura shekara goma sha biyar a garin ya san wannan aiki, ya san ma'anar buhunan da ramin da aka haƙa can bayan gonaki. Na je na same shi, na ce masa a rediyo an ce ta numfashi cutar ke bi, ba ta ƙasa ba. Ya jingina da shebur, sannan ya ce, "Malam, da girmanka, wancan karon ma kai kac ce sanƙarau na." Na juya na koma gida.

Kwana goma sha tara ya yi. Tafukansa suka tsage, ɗaya daga cikin shanun ya fara ɗingishi. Tun daga kwana na biyar mutane suka fara kawo masa ɗauki, wani da baro, wani da jaki, mata suna aiko da fura. Da aka shimfiɗa sabon yashi fari tas daga gulbi, sai ka ga mutane sun tsaya a bakin fili suna kallonsa kamar sabon ɗaki. Uwais bai ɓata lokaci ba. Ya tura mai shela kasuwanni uku da lasifika a kan babur, yana cewa Labbo ya kwashe cutar daga filin Tungar Ɗorawa, ranar Asabar akwai kokawa, Nafi'u na Adabka zai zo, kowa ya fito da tsohonsa da yaronsa, ba abin tsoro. Labbo bai ce a faɗi haka ba, amma ya ji shelar bai kuma hana ba, domin ya gaskata ta.

Wadda ta fi kowa murna ita ce mahaifiyarsa, Inna Habsu. Tsohuwa ce mai kusan shekara tamanin, kuma ita ce mai guɗar filin. Duk kayen da ya yi kyau, ko na gida ne ko na baƙo, muryarta ce ke tabbatar da shi. Ta daɗe tana fama da ciwon ƙirji, idan ya taso sai an jingina ta da bango tana neman iska. Tun watan azumi ba ta fita ko ƙofar gida ba. Da ta ji shela sai ta sa Karima ta ciro mata zanenta na saƙi ta wanke.

Ranar Alhamis da hantsi Sista Veronica ta shigo garin a bayan babur, da akwatin allurar rigakafin yara. Ina zaune a gindin ɗorawa, Labbo yana bin gefen fili da rariya yana gyaran ƙarshe. Ta sa mai babur ya tsaya. Ta sauko, ta dubi farin yashi, ta dubi sawun amalanke da ya nufi bayan gonaki, na ga fuskarta ta sauya tun kafin ta yi magana.

"Baban Karima, sannu da aiki. Wa ya sa ka wannan?"

"Ba kowa, Sista. Aikinku na, ni dai tunawa niy yi. Yatsa huɗu, awa yadda kunka koya muna. Na kai rami na binne, nesa da rijiya."

"Shi ne abin da na ji ana shela a kasuwar Anka?"

"Shi na."

Ta sauke takunkuminta zuwa haɓa, ta ja da baya taki biyu, ta ce, "Ka ga inda na tsaya? Ba don ƙasar da ke tsakaninmu ba ne. Don bakina ne da naka. Wannan ba irin waccan ba ce, Baban Karima. Ba ta kwana a ƙasa. Ko yashin Makka ka shimfiɗa, in mutum ɗari biyar suka matsu suna ihu a fuskar juna, wanda ya zo da ita zai raba musu."

"To akwai ta garin nan?"

"Ban sani ba. Gaskiyar ke nan, ban sani ba. An ce ta fara dawowa a birane, kuma ranar Asabar mutanen kasuwa uku za su zo maka. Mai ɗauke da ita ma sau da yawa bai san yana ɗauke da ita ba. Samari za su iya sha su tashi. Tsofaffi nake ji, da masu ciwon ƙirji." Ta dube shi. "Yaya jikin Inna?"

Labbo ya dubi ƙasa. Rariyar tana hannunsa, yashi na zuba ta ƙasa.

"Ni ba ni da ikon hana wasa," in ji ta. "Ko na hau kan ɗorawar nan na yi ihu, za su ce Labbo ya riga ya kwashe. Maganarka suka bi suka fito. Kai kaɗai za su ji." Ta mayar da takunkumi ta hau babur. Ba ta ambaci ƙofar gidansa ba, ba ta ambaci rumbu ba, amma mu ukun mun san abin da ba a faɗa ba.

Kafin azahar Uwais ya ji, domin mai babur ɗin bai iya riƙe bakinsa ba. Ya zo a guje ya tarar da Labbo inda aka bar shi.

"Kawu, ka yi wa Allah ka yi wa Annabi. An yi shela kasuwa ukku. Nafi'u ya riga ya aiko a share mashi masauki. In kab buɗe baki yanzu, da wace huska za mu shiga Adabka?"

"Ta ce ba ƙasa cutar take ba."

"Ta ce ta gan ta garin nan?"

"Ta ce ba ta sani ba."

"To! Ba ta sani ba, kai ba ka sani ba, ni ban sani ba. Yashi dai sabo na ko ba sabo na ba? Ka ratsa, ka ce hili ya yi, awa kullum. Ina ƙarya cikin wanga? Kwana goma sha tara, Kawu! Har sa ya gurgunce. Kana so a ce duk aikin banza kay yi, a mai da kai abin dariya wurin yara?"

Labbo ya ce zai yi tunani. Uwais ya tafi yana waiwaye.

Abin da ya gudana a cikin gida, daga bakin matarsa Ladidi na ji shi daga baya, da izininsa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya shiga ɗakin Inna Habsu, ya tarar ta shimfiɗa zanen a kan gado tana murza shi da tafi. Ya durƙusa ya ce yana ganin gara ta zauna gida gobe, saboda rana.

"Rana? Yau aka halicce ta? Kai Labbo, shekara arba'in ina guɗa hilin nan, tun ubanka na shiga ana kada shi ina rufa mashi asiri. Wata bakwai ina kallon bangon ɗakin ga. Ba kai kak kwashe abin ba?"

Ya ce shi ne.

"To mi yar rage?"

Ya dubi zanen. Ya ce babu komai, ya fita. Ladidi tana bakin murhu, ta ji duka. Mace ce da ba ta cika magana ba, kuma tun rasuwar Asma ba ta taɓa tayar masa da zancen rumbu ba, ko sau ɗaya cikin shekara goma. Ta bari ya zo wucewa, ba ta ɗaga kai daga tukunya ba, ta ce, "Malam, wancan karon kwana ashirin da ɗaya kay yi. Wanga karon gobe kaɗai gare ka."

Bai ci tuwon ranar ba.

Ranar Asabar tun azahar babura suka fara shigowa, wasu da mutum uku, wasu da huɗu. Motar ɗaukar kaya ta zo daga wajen Bukkuyum cike da mutanen Adabka suna yi wa Nafi'u kirari. Fulani suka gangaro daga rugage da sandunansu. Kafin la'asar filin ya cika yadda ban taɓa gani ba, kafaɗa na gugar kafaɗa, samari sun cika rassan ɗorawa. Na ga masu takunkumi ba su fi biyar ba, ɗaya daga cikinsu ma a goshi ya ɗaura. Dattawan da suka yi wata da watanni a ɓoye suka jeru a kan tabarmi a sahun gaba, suna musabaha suna dariya suna shafa sabon yashi. A gefensu, kan 'yar kujerarta, ga Inna Habsu cikin zanen saƙi, mutane sun yi mata rumfa ta baya. Wani a bayanta ya yi tari, na ga Labbo ya juya da sauri kamar an kira sunansa.

Makaɗa suka kama kiɗan jira. Labbo ya tuɓe takalmansa. Ya ratsa daga gabas zuwa yamma, a hankali fiye da yadda ya saba. Ya ratsa daga kudu zuwa arewa. Da ya zo tsakiya jama'a suka ɗauki sowa, ana kiran sunansa, wani na cewa Allah ya yi wa mai kwashe cuta albarka. Ya sunkuya ya ɗebi yashi. Ya miƙe. Bai sake shi ba.

Kiɗan jira gajere ne, ana maimaita shi ne har a ji kalma. Makaɗin ya zagayo sau uku, sau huɗu, yana duban Labbo. Uwais yana bakin da'ira yana yi masa alama da hannu biyu. Sowar ta fara raguwa. Nafi'u, wanda ya riga ya ɗaure warki da layu yana tsalle a gefe, ya ɗaga murya ya ce, "Ku mutanen Tungar Ɗorawa, in tsoron kaye na, ku hwaɗi! Ko tsohon ya mance karatun nashi?" Mutanen Adabka suka fashe da dariya.

Labbo ya ɗaga hannun da babu yashi, makaɗin ya dafe ganga.

"Jama'a, ku saurara," in ji shi. Muryarsa ba mai ƙarfi ba ce, sai da na gaba suka tsawata wa na baya. "Abin da anka hwaɗa maku kasuwa, cewa na kwashe cutar, ba haka na ba. Ni niy yi kuskure. Na ɗauka irin waccan ta, wadda ka kwana ƙasa. Wagga numfashi take bi, daga bakin wani zuwa na wani. Yashin ga bai tsare kowa. Tun shekaranjiya nis sani, ban hwaɗi ba sai yanzu."

"Kawu!" in ji Uwais.

"Ban ce akwai ta nan ba, ban sani ba. Amma don maganata kunka hito da tsohinku. Na taɓa sani na yi shiru. Kun san abin da yab biyo baya, ku kunka taya ni binnewa."

Ba wanda ya yi dariya. Sai hayaniya ta tashi ta ko'ina lokaci ɗaya. Wani daga cikin baƙi ya ce an raina musu hankali, an sa sun ƙona mai tun daga Adabka. Wani ɗan gari ya ce Sista ce ta juya masa kai. Wani saurayi ya jefo takalmi daga kan ɗorawa, ya faɗi kusa da ƙafar Labbo. Uwais ya shiga tsakanin mutane yana rantsuwa cewa fili lafiya lau yake. Dattawan sahun gaba suna duban juna, ba wanda ke son ya zama na farkon tashi a gaban baƙi. Labbo yana tsaye, yashin na hannunsa, idonsa a wuri ɗaya.

Inna Habsu ta dafa gwiwa ta miƙe. Sai da ta yi yunƙuri biyu. Ta ɗauki kujerarta da kanta, ta ƙi bari a karɓa, ta ja gefen mayafi ta rufe hanci da baki. Ta dubi mutanen da suka tare mata hanya ta ce, "Ku ba ni wuri. Ɗana bai iya ƙarya ba, sau ɗaya yag gwada." Aka dare mata. Tafiyarta ta tsufa ce, saboda haka kowa ya daɗe yana kallon bayanta.

Limamin gari ya naɗe buzunsa ya bi ta. Sai dattawa suka fara tashi bibbiyu, uku uku, mata masu goyo suka bi su. Mai gari ya sa aka yi shiru, ya yanke cewa baƙi sun riga sun zo, saboda haka za a yi wasa, amma duk wanda ya manyanta, da mai tari, da mai goyo, ya koma gida, sauran kuma su ja da baya su bar sarari a tsakaninsu. Shi ma ya tashi ya tafi, domin ya haura sittin. Fiye da rabin taron ya watse. Waɗanda suka rage sun ba da sararin na ɗan lokaci, ba zan ce sun daɗe a haka ba.

Makaɗin ya ce, "To Labbo, muna jiran kalma."

Labbo ya buɗe tafinsa, yashin ya zube. Ya ce, "Ba ƙaya, ba tsakuwa. Iyakar abin da nis sani ke nan."

Makaɗin ya yi jim, domin ba kalmar da ya gada ba ce. Sannan ya sauya kiɗa.

Ni ma ina cikin waɗanda hukuncin mai gari ya hau kansu, saboda haka da kiɗa ya sauya sai na tafi, ban ga kokawar ba. An ce Nafi'u ya kada zakaranmu a karo na biyu, kaye mai tsabta, kuma aka yi shi babu guɗa.

Uwais ya yi kusan shekara ba ya gaishe da Labbo. Samari suka laƙaba masa suna, suna kiransa Likitan Yashi idan ya wuce da amalanke, bai taɓa tanka musu ba. A makonnin da suka biyo baya ban ji wanda ya kwanta da irin ciwon a garinmu ba, kuma ba ni da hanyar sanin ko tashin dattawan ne ya hana, ko dama babu mai ɗauke da ita a taron. Sista ma da na tambaye ta cewa ta yi ba ta sani ba. Abin mamaki shi ne, har yau akwai masu cewa yashin ne ya tsare garin, kuma duk lokacin da aka faɗi haka a gabansa sai Labbo ya tsaya ya gyara musu, ko da a tsakiyar kasuwa ne.

Sauran wasannin kakar nan mutane kaɗan suka halarta. Kaka ta gaba suka ƙaru, ta bayanta fili ya sake cika, sai dai a shekarun da rashin tsaro ya hana baƙi bin hanya. Inna Habsu ta koma kujerarta ta yi guɗa kaka biyu kafin Allah ya karɓi abinsa, a ɗakinta, Labbo na riƙe da ita.

Har yanzu shi ke kula da filin. Gashinsa ya yi fari, kuma Uwais ne ke aiko masa da samari su yi lodin amalanke, amma rariya ba ya ba kowa. Tsohuwar kalmar ba ta dawo bakinsa ba. Yana ratsawa gabas da yamma, kudu da arewa, ya saki yashi ya ce, "Ba ƙaya, ba tsakuwa," kuma makaɗa sun saba, da jin haka suke sauya kiɗa.